Gaɓa nawa ce a cikin «ils étudient»?

Ɗalibar Faransanci: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a taimaka mini. Bana na fara karatun Faransanci, jiya kuma malaminmu ya ba mu kalmomi uku mu rarraba gaɓoɓinsu: *ils étudient*, *nous étudions*, *nous étudiions*. Ta farkon na raba ta é-tu-di-ent, gaɓa huɗu, da ya ce in karanta sai na ce "etudiyan". Ya girgiza kai ya ce uku ce, kafin ya yi bayani lokaci ya cika. Ni dai wasula huɗu idona yake gani: é, u, i, e. To ina ta huɗun ta shiga? Ta ukun kuwa, mai i biyu a jere, da farko na ɗauka allinsa ne ya zame.

Alhajin Kwatano: Wa alaikumus salam. Ni ban zauna aji ba, a bakin kasuwa na tsinci nawa Faransancin, amma na daɗe ina zuwa Kwatano da Lome. Duk kalmar da na sani mai ƙarewa da -ent, "an" ake cewa ta hanci: *argent*, *souvent*, *comment*, *paiement*. Ina ganin ke ce da gaskiya ƙanwata. Ki koma ki tambaye shi da kyau.

Mushe Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Alhaji, kunnenka bai yaudare ka ba, sai dai a cikin kalmomin da ka jero babu aikatau ko ɗaya. Ɗiyata, malaminki ne da gaskiya. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a ƙasar Damagaram, kuma babu shekarar da ban yi fama da yara a kan wannan -ent ba. In aikatau yana tare da *ils* ko *elles*, wato "su", to -ent ɗin da ke wutsiyarsa na ido ne kawai. Ana rubuta shi, ba a furta shi. *Étudient* da *étudie* ɗaya suke a kunne: é-tu-di, gaɓa uku. Haka *ils parlent* da *il parle*, haka *ils mangent* da *il mange*.

Ga yadda nake yi da yara. Ki ɗora bayan hannunki a ƙarƙashin haɓa, ki faɗi kalmar a hankali. Duk lokacin da haɓar ta taɓo hannun, gaɓa ɗaya ke nan. Ido ba shi da aiki a nan, in kin ga dama ma ki rufe shi.

Akwai jimlar da kowane mushe, wato malamin makaranta, ya sani: *les poules du couvent couvent*, wato kajin gidan sistoci suna kwanci. Rubutu ɗaya sak. Ta farkon sunan wuri ce, ku-van, gaɓa biyu. Ta biyun aikatau ce, kuv, gaɓa ɗaya.

Ɗalibar Faransanci: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na gwada, sau uku haɓar ta sauka. Amma in haka ne, ta yaya mai sauraro zai san mutum ɗaya ne yake karatun ko mutane da yawa?

Mushe Mai Ritaya: Madalla da tambaya. A gaban kalmar za ki nemi amsar, ba a bayanta ba. *Étudier*, wato yin karatu, da wasali ya fara, don haka s ɗin *ils* da ke kwance shiru sai ya farka, ya zama z, ya manne wa wasalin. *Il étudie* sai ki ce i-lé-tu-di. *Ils étudient* kuwa il-zé-tu-di. Kin ga a Faransanci gaɓa ba ta tsayawa a iyakar kalma, tsallakawa take yi ta ɗauko baƙin maƙwabciya. In aikatau ɗin da baƙi ya fara, kamar *parler*, to babu wani bambanci a kunne, sai dai zancen da ake ciki ya nuna.

Malama Maraɗi: Sannu da ƙoƙari Mushe. In ƙara abu biyu, don kada 'yar'uwarmu ta fita daga wannan rami ta faɗa wani. Na farko, t ɗin ƙarshen bai mutu gaba ɗaya ba. In aka juya jimlar ta zama tambaya yana dawowa: *étudient-ils?* é-tu-di-til. Na biyu, ba kowane aikatau mai -ent a ƙarshe ake yi wa shiru ba. *Il vient*, *il tient*, *il sent*, *il ment*, duk ana furta su ta hanci, domin a nan -ent ɗin ba alamar jam'i ba ce, jikin kalmar ne. Wadda nake kama 'yan ajina da ita ita ce *convient*. *Il convient*, ya dace, kon-vyen. *Ils convient*, suna gayyata, kon-vi. Sai kin dubi wanda ya yi aikin kafin ki buɗe baki.

Alhajin Kwatano: To na miƙa wuya. Amma fisabilillahi me ya sa za su riƙa rubuta abin da ba sa faɗa? Mu Hausa abin da bakinka ya faɗa shi hannunka zai rubuta.

Malama Maraɗi: Gado ne Alhaji. Faransanci daga Latin ya fito, a can kuwa ana furta wannan ƙarshen sarai: *amant*, suna so, shi ya zama *aiment*. Baki ya yi ta cinye wutsiyar a hankali har ta ɓace, rubutu kuma ya ƙi sakinta.

Ɗan Sashen Hausa: Alhaji, a gafarce ni, mu ma ba duk abin da muke faɗa muke rubutawa ba. Garin da ake zama da garin da ake tuwo da shi, a boko rubutunsu ɗaya, alhali tsawon wasalinsu ya bambanta, kuma ba ma sa wa karin sauti alama ko kaɗan. Su sun rubuta abin da ba sa faɗa, mu mun faɗi abin da ba ma rubutawa. Amma misalin da ya fi kusa yana kan allonka tun kana yaro. Ka tuna alifin da ake ajiyewa bayan wawun jam'i, a irin su *ƙalu* da *katabu*? Kana rubuta shi, ba ka karanta shi, aikinsa kawai ya shaida maka cewa aikatau ne na mutane da yawa. To -ent ɗin nan ɗan'uwansa ne.

Alhajin Kwatano: Allahu Akbar. Yanzu ta zauna. Da haka aka fara ce mini da ban yi musu ba.

Ɗalibar Faransanci: Ni ma wannan ta shige ni. Saura mai i biyun.

Malama Maraɗi: Ba zamewar alli ba ce. Dubi *parler*: *nous parlons*, muna magana, *nous parlions*, a da muna magana. Ƙarshen lokacin yanzu -ons ne, na wanda ake kira *imparfait* kuma -ions. To saiwar *étudier* ita kanta da i ta ƙare: étudi-. Ɗora mata -ons, kin sami *étudions*. Ɗora mata -ions, kin sami *étudiions*. I ɗaya na saiwa, ɗaya na lokaci.

A baki kuwa: *étudions* gaɓa uku ce, é-tu-dyon. I ɗin ya daina zama wasali, ya koma y, ya haɗe da d a gaɓa ɗaya. *Étudiions* gaɓa huɗu ce, é-tu-di-yon, mai son fito da ita sosai ma yakan ƙarfafa y ɗin, ya ce é-tu-diy-yon. Matsalar da nake gani kullum a aji ita ce yaranmu duka biyun "etudiyon" suke ce musu. Wato duk lokacin da suke nufin "muna karatu", abin da ke fita daga bakinsu "a da muna karatu" ne.

Ɗan Sashen Hausa: Kuma ba laifin yaran ba ne Malama, ƙirar harshenmu ce. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali kamar *ci*, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar *kai*, sai baƙi da wasali da baƙi kamar *nan*. Babu gaɓar da ke farawa da baƙaƙe biyu a jere. Duk kalmar aro da ta zo mana da su sai mun cusa wasali a tsakani, shi ya sa muke da burodi da firamare. Ku dubi abin da mutanen Nijar suka yi wa *camion*. A Faransanci gaɓa biyu ce, ka-myon. Da ta shigo Hausa ta zama kamiyo, gaɓa uku. Daidai abin da yaranki ke yi wa *étudions* ke nan. A *monsieur* kuma wata hanyar aka bi, s da y suka narke suka zama sh, aka sami mushe.

Dabarar da zan ba ƙanwarmu ita ce ta fara daga abin da bakinta ya riga ya iya. Muna da kyau, gyara, ƙyalle. Ba wanda ke cewa "giyara". To ki ce "gyon" sau biyar, sannan ki matso da harshenki gaba zuwa bayan haƙora ki ce "dyon" da irin wannan saurin. Ki dai kula kada ta zame miki ta koma "jon".

Baƙo a Liyon: Wannan bayani ya yi. Sunan garin da nake a Faransa ma haka yake, *Lyon*, gaɓa ɗaya suke yi masa, ni kuwa na zo da gaɓa biyu, sai da na yi watanni kafin na daidaita. Amma Mushe da Malama, ku yi mini haƙuri, ina ganin ana wahalar da ɗalibai a kan abin da masu harshen ma ba su damu da shi ba. Shekarata huɗu a nan, a hira ta yau da kullum da wuya ka ji *nous étudiions*. *On étudiait* suke cewa, a wuce wurin. *Nous* ɗin ma sai a lacca ko jawabi ko takarda.

Mushe Mai Ritaya: Ɗana, abin da ka ji gaskiya ne, ban musa ba. Amma yarinyar nan ba hira za ta je yi a bakin titi ba, jarrabawa za ta rubuta. Na sha tsayawa gaban aji ina karanta *dictée*, wato shifta, yara sittin ko fiye sun sunkuya a kan takarda, babu abin da ke gaya musu i ɗaya za su sa ko biyu sai bakina. In na haɗiye bambancin na zalunce su. Shi ya sa nake jan ta, é-tu-diy-yon, har sai na ga alƙalamin na bayan aji ya motsa. Wanda aka koya wa bambancin, ran da ya ga dama ya sassauta. Wanda ba a koya wa ba fa, me zai sassauta?

Baƙo a Liyon: Na yarda da batun jarrabawa Baba. To amma *crions* da *criions* fa? Na tambayi abokan karatuna su faɗa mini su, wallahi kusan dukkansu abu ɗaya suka faɗa sau biyu.

Malama Maraɗi: A nan kam ka taɓo wuri mai wuya, kuma dalilinsa daban ne. In baƙaƙe biyu suka gabaci i, na biyunsu r ko l, to i ɗin ba ya yarda ya koma y, domin baƙaƙe uku za su taru a farkon gaɓa. Don haka *crions* tun asali gaɓa biyu ce, kri-yon. Haka *plions*, pli-yon, haka *oublions*, u-bli-yon. Kwatanta da *lions* na *lier*, wanda babu baƙi a gaban l ɗinsa: lyon, gaɓa ɗaya. To tunda *crions* ta riga ta zama kri-yon, ba abin da ya rage wa *criions* sai ƙarfafa y: kriy-yon. Yawan gaɓoɓin bai canza ba. Wannan kam a magana mai sauri yakan ɓace, haka ma *travaillons* da *travaillions*, *croyons* da *croyions*. Amma *étudions* da *étudiions* gaɓa guda cur ce a tsakaninsu, ba ɗaya ba ne da wancan.

Baffan Garwa: Ina bin ku tun ɗazu. Ni a Kamaru na tashi, da Faransanci na yi karatu tun daga aji ɗaya, kuma "etudiyon" na ji manya da yawa suna faɗa, masu digiri ma. A Beljiyam ma ai sukan raba irin waɗannan wasula, su ce li-on inda mutumin Paris zai ce lyon, ba wanda ya ce musu ba su iya ba. Don me namu ne kullum kuskure? Yau masu magana da Faransanci a Afirka sun fi na Faransa yawa. Sai yaushe kunnenmu zai zama ma'auni?

Malama Maraɗi: Baffa, ina tare da kai a rabin maganar. Ban taɓa rage wa yaro maki don ya kaɗa r irin ta Hausa maimakon ta maƙogwaro mai kama da gainin Larabci ba. Wannan launin murya ne, ba ya canza ma'ana, kuma ba na son yaro ya ji kunyar bakin gidansu. Inda nake tsayawa shi ne inda furuci ya haɗe lokuta biyu ya mai da su ɗaya, domin daga baki yake gangarowa hannu. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a nan Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki tare da Ingilishi, amma yaran da ke gabana har yanzu da shi za su zauna BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Yaron da bai taɓa jin bambancin ba, i ɗaya zai rubuta a ko'ina.

Baffan Garwa: To ai ana iya koya masa ta nahawu, ya dubi *hier*, jiya, ko *autrefois*, a da, a jimlar ya san lokacin. Ba dole sai ya sauya bakinsa ba.

Malama Maraɗi: Ana iyawa, kuma ina yi. Amma na lura wanda ya riƙe ta kunne da ido ya fi wanda ya riƙe ta ido kaɗai daɗewa da ita.

Mushe Mai Ritaya: Malam na Garwa, bari in ba ka abin da zai ƙarfafa maka gwiwa, ko da yake ban sauka daga ra'ayina ba. Wannan ka'ida ta kri-yon da Malama ta kawo, su kansu Faransawa ba da ita suka tashi ba. A da *voudriez* da *meurtrier* gaɓa biyu-biyu ake ƙirga su a waƙa. Da marubucin wasan kwaikwayo Corneille ya fito da wasansa *Le Cid* a 1637 ya yi wa *meurtrier* gaɓa uku, sai Académie française, hukumar kula da harshen Faransanci wadda aka kafa a 1635, ta ƙirga masa shi cikin kurakurai. Yau kowa uku yake faɗa, vu-dri-ye, mai cewa biyu shi za a kalla. Saboda haka harshe yana tafiya, ban ce ba ya tafiya ba. Abin da na ce shi ne malami ba ya koyar da inda harshe zai je gobe, inda littafin jarrabawa yake yau yake koyarwa.

Baffan Garwa: Allah ya ja kwana Mushe. A nan dai kowa ya riƙe nasa.

Ɗan Sashen Hausa: Tunda an yi ta lissafa inda bakinmu ke ba mu wahala, bari in nuna inda muka fi wasu sa'a. Ƙarfafa baƙi abincinmu ne: baba da babba, kule da kulle, daba da dabba. To Faransanci yana da 'yan wurare da wannan kaɗai ke raba ma'ana. *Nous courons*, muna gudu, ku-ron. *Nous courrons*, za mu gudu, kur-ron. *Nous mourons* da *nous mourrons* ma haka. Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa wannan, shadda ce kawai. Kriy-yon ɗin da ke gagarar abokan Baƙo, mu da muke cewa "sayayya" da "biyayya" ai ba za ta gagare mu ba.

Alhajin Kwatano: Ashe *je pourrai* ma pur-re zan riƙa cewa? Kullum ina faɗarta a ciniki.

Mushe Mai Ritaya: A'a Alhaji, tsaya a yadda ka saba, pu-re. *Pourrai*, *verrai*, *enverrai*, duk r biyu a takarda, ɗaya a baki. Waɗanda ake ƙarfafawa su ne *courir*, *mourir*, *acquérir* da danginsu, domin su ne in ba a ƙarfafa ba lokutan za su rikice. Sauran baƙaƙe masu zuwa biyu-biyu, irin *j'appelle*, *je donne*, *nous mettons*, guda ake furtawa. Wannan ma kuskure ne da na sha gyarawa, yaro ya ga n biyu ya ce "don-ne" kamar yana cewa "danne".

Ɗalibar Faransanci: Kai, na ƙaru yau fiye da zato. To a takardar aikin me zan rubuta? Kuma na leƙa gaba a littafi na ga *j'étudierai*, ita ma e ɗin tsakiyar na ido ne?

Malama Maraɗi: Rubuta é-tu-dient, é-tu-dions, é-tu-di-ions, ki sa 3, 3, 4 a gefensu. *J'étudierai* kuwa kin canka: jé-tu-di-ré, huɗu, e ɗin da ya biyo bayan wasali ba a jin sa. Haka *je crierai*, *j'oublierai*. In baƙi ya gabace shi ne zancen ke canzawa. A *je parlerai* dole a furta shi, par-le-ré, don kada r, l, r su yi karo. A *j'achèterai* mutumin Paris yakan jefar da shi ya ce ja-shè-tré, na Marseille ya riƙe shi ya ce ja-shè-te-ré, duka biyun kuma daidai ne.

Ki kuma tambayi malaminku wace rabawa yake nufi, don iri biyu ce. Akwai ta baki, wadda muka yi ta magana a kai. Akwai ta alƙalami, ta yanke kalma in layi ya ƙare. A wannan ana yankawa tsakanin tagwayen baƙaƙe ko da guda ake furtawa, kamar ap-pe-ler, ba a yankawa tsakanin wasula biyu, kuma ba a barin harafi ɗaya tilo a ƙarshen layi. In *étudiions* ta zo miki a bakin layi, étu- a sama, diions a ƙasa.

Ɗalibar Faransanci: Na rubuta. Na kuma turo murya yanzu, na karanta ukun a jere. Don Allah Baba a saurara.

Mushe Mai Ritaya: Na saurara sau biyu ɗiyata. Z ɗin *ils étudient* ya fito, "dyon" ɗin ma ya fito tsaf, ba ki mai da shi "jon" ba. Ta ukun kin ɗan yi sauri, ba wa "di" ɗin haƙƙinsa kafin ki wuce. Abin da ya rage shi ne gaɓar tsakiya. "Tu" ɗinki na Hausa ne, irin na tuwo, wanda su *tout* suke rubuta shi. U ɗin *étudier* wani sauti ne da ba mu da shi. Ki ce "iii" ki riƙe, kada harshenki ya motsa daga inda yake, sannan ki tsuke leɓɓanki a hankali kamar za ki hura wuta. Sautin da ya fito shi ne. Ki yi shi gaban madubi, ki jera *tu* da *tout*, *vu* da *vous*, *dessus* da *dessous*, sannan ki sake turo mini gobe bayan la'asar.